Noti Uku da Suka Yi Rara

Daren jiya ina kai haƙarƙari ƙasa, mafarki ya yi awon gaba da ni. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi. Da yamma na shimfiɗa tabarma na warware babur ɗina da kaina, don na ce na daina kai wa Ɗanbala bakanike. Me ya fi ni, in ban da riga mai maiƙo? Na haɗa komai tsaf, sai noti uku suka rage. Na ce ai kowane gyara da rararsa, na jefa su aljihu. Alhali da safe babur ɗin nan ne zai kai matata Lantana intabiyun aikin koyarwa, wanda ta shekara biyu tana jira.

To, sai ga ni a wani gari ina rarrafe, babur ɗina ya hau bayana yana murɗa mini kunne. Ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, kowa ya kifar da lemarsa ya shiga ciki yana tsalle. Wallahi daɗi nake ji, har ƙarar salansa nake yi da baki.

Sai ga mu a gareji. Bakaniken bunsuru ne, da sifana maƙale a ƙaho.

"Me ke damunsa?" in ji bunsuru.

Babur ya ce, "Ƙara ta yi masa yawa, Oga. Ga shi ba ya jin magana."

"Wa ke duba shi?"

"Shi ke gyara kansa."

"Assha!" Duk awakin garejin suka ajiye aiki suna tafa kofato.

Aka kwantar da ni a tabarma, aka warware ni gaɓa-gaɓa. Ba zafi, sai cakulkuli, ina ta ƙyaƙyata dariya. Wata akuya ta wanke haƙarƙarina da fetur a kwanon sha, tana hure kowanne. Aka yi mini juye da man gyaɗa, aka mayar da ni, har na fi yadda nake a da kyau.

Ina miƙewa na hangi ragowa a tabarma: ƙoƙon gwiwa ɗaya, diddige, da wani abu ja yana bal-bal.

Na ce, "Oga, waɗannan fa?"

"Kowane gyara da rararsa," in ji shi, ya jefa su aljihu.

Kwatsam sai ga ni a kan gangare, Lantana ce a bayana, ta rungume takardunta. Gudu nake kamar an koro ni, ƙafata na rawa.

"Baban Ummi, taka birki!"

Na taka. Ina! Diddigen na aljihun bunsuru. Takardunta suka suɓuce, ruwa ya kwashe su ya yi sama da su ɗaya bayan ɗaya, tana miƙa hannu ba ta kamo ko ɗaya ba. Nan dariyata ta ɗauke. Tsoro ya kama ni, da kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal!

Na buɗe ido. Gari ya waye, Lantana ce ta zazzage wandona a kan bahon wanki. Ta ɗago notin uku a tafin hannunta.

"Baban Ummi, waɗannan na ina ne?"

Na ce, "Na Ɗanbala ne. Miƙo mini takalmina, yanzu zan tura masa sauran babur ɗin."