Tijjani Mai Kaza

Mariam na kokawar fito da jakar daga ƙofar bene sai ga mai amalanken bikiya, mutumin da ke zagaya lungunan Ard al-Liwa yana sayen tarkace. Tun da ya ji an yi rasuwa a gidan yake shawagi a layin kamar wanda ya ba da ajiya.

"Littattafai ne, ya hajja? Kawo in rage miki nauyi."

Ta san inda yake kai su. Ta sha sayen ta'amiya, ƙosan Masar, a naɗe cikin shafin littafin wani bawan Allah, mai ya jiƙe rubutun har ba ya karantuwa. Ta girgiza masa kai, ta saɓi jakar a kafaɗa ta wuce.

Littattafan mijinta ne, Ya'ƙub. Bahaushen Sudan ne, malamin makaranta, kafin rikici ya koro su Alƙahira, inda ya koma gadin gidan wasu Amurkawa a Ma'adi. Da gari ya rikice a shekarar juyin juya hali, masu gidan suka tattara a gurguje suka tafi, suka bar masa kwali guda na littattafan Turanci. Ya'ƙub ya ɗauko su kamar wanda ya tsinci dami a kala. Sunansu na cikin 'yan gudun hijira masu jiran a kai su Amurka, don haka kullum bayan la'asar sai ya ɗora tabarau a hanci ya duƙufa, leɓensa na motsi. In ta yi magana ya ce, "Tarihin mutanen da za mu zauna cikinsu ne, Mariam. Ba a shiga gari da baki a rufe." Haka aka yi ta jira, shekara na bin shekara, har ciwon ƙoda ya kwantar da shi, daga nan bai tashi ba.

Yanzu ta fita takaba, kuma mako mai zuwa za ta bar ƙasar ita kaɗai. Jakar da aka yarda ta ɗauka ba za ta ci littattafan ba. Ba su haihu ba, ba su gina rijiya ba, ba su dasa ko bishiya ɗaya a ƙasar mutane ba. Abin da ya rage wanda zai iya kai masa lada cikin kabari shi ne ilimin da wani zai karanta. Maƙwabciyarta Fatuma ce ta ce mata ɗaliban Najeriya na da ɗakin karatu a Hay el-Sabi'.

Sai da ta canja mota, ta shiga jirgin ƙasa, ta sake shiga wata motar, kuma ko'ina jakar na kan cinyarta, don ba a ajiye littafi a ƙasa. Wanda ya buɗe mata ƙofa wani siririn saurayi ne ɗan Zariya, Zainulabideen, mai kula da ɗakin. Ya gaishe ta har ƙasa, ya bar ƙofa a buɗe, ya kawo mata shayi.

"Waƙafi na kawo, Ɗanmalam," in ji ta. "Na maigidana ne, Allah ya yi masa rasuwa. Ina so a riƙa karantawa, lada na isa gare shi."

"Allah ya jiƙansa, Inna. Ma sha Allah, sadaƙatul jariya ke nan, ilimi mai amfani."

Ya yi bismilla ya zuge jakar. Ya ɗauko na farko, ya juya shi, ya ɗauko na biyu. Hotunan da ta saba gani ne, ƙarti da huluna masu baki, kowa da kulki a kafaɗa. Ita a zatonta jarumansu ne na da. Ta ga murmushin yaron yana raguwa kaɗan-kaɗan.

"Inna, kin san ko na mene ne?"

"Tarihi ne."

"Tarihi ne kam, amma na wasa. Besbol suke ce masa. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da sanda ya zura da gudu. Wannan labarin wata shekara ce da wata ƙungiya ta ci kowa, wannan kuma na 'yan wasan da suka yi suna." Ya dubi kantocin da ke cike da tafsiri da fiƙihu, ya sunkuyar da kai. "Ma'alish, ki yi haƙuri, Inna. Ba zan iya jera su a nan ba. Ko na jera, babu mai taɓawa."

Kunya ta rufe ta, sannan haushi ya biyo baya, haushin mamaci, wanda ya fi kowane ciwo don babu inda za a kai shi. Ashe wasa ne. Idon da ya ƙarar, shayin da take kai masa tana sanɗa kada ta katse masa karatu, yaran maƙwabta da take kora daga bakin ƙofa, duk a kan ƙarti masu bugun ƙwallo. Ga shi ta ratso Alƙahira da su a cinya kamar jariri.

"Khalas," in ji ta, ta fara mayar da su. Hannunta ya faɗa kan wani ƙarami wanda bangonsa ya sha ɗinki da zarenta. Shi ne wanda Ya'ƙub ya tafi da shi asibiti. Ta miƙa wa yaron. "Karanta mini ko kaɗan ne. In san abin da ya cinye masa ido."

Zainulabideen ya buɗe inda littafin ya buɗe da kansa. Turancinsa na sakandare ne, yana tafiya yana tuntuɓe, yana juya mata da Hausa. Wani mai jefa ƙwallo ne a ƙananan garuruwa, in ji shi, ana yawo da su a tsohuwar bas daga wannan fili zuwa wancan. Kowa a cikinsu jira yake a kira shi babbar ƙungiya a birni. Shi wannan ba ya kwana sai takalmansa na gefen gado, wai kada kiran ya zo ya same shi ba shiri. Yaron ya tsaya, ya sake duba layin, dariya ta kuɓuce masa.

"Wai kuma da kaza yake yawo. A cikin bas ɗin, a kan cinyarsa."

"Ja ce," in ji Mariam. "Ba ta cin tsaba sai daga hularsa."

Ya ɗago a razane. "Kin iya Turanci, Inna?"

"Tijjani ne. Tijjani mai kaza."

Ba Tijjani aka rubuta ba, amma shi ne. Duk ranar da suka dawo daga ofishin 'yan gudun hijira ba labari, ta kwanta ta juya wa bango fuska, sai Ya'ƙub ya zauna a bakin katifa ya ce, "Na taɓa ba ki labarin Tijjani mai kaza?" Ya ba ta yadda kazar ta yi ƙwai a cikin takalmin maigidansu, da yadda aka kore su daga masauki saboda ita, har sai ta yi dariya ba ta so. Ita duk zamanta ta ɗauka wani mutumin garinsu ne da ke jiran aiki a Khartum.

"Ci gaba," in ji ta. "A ƙarshe an kira shi. Yana cikin wanka aka zo, ya fito da kumfa a ka, kaza a hammata. Duba, yana nan."

Yaron ya juya zuwa shafukan ƙarshe. Ya karanta a zuci, ya koma baya, ya sake karantawa. Ta ga yana neman hanyar da zai bi, ta kuma san ɗalibin ilimi ne, ba zai yi mata ƙarya ba.

"Ba a kira shi ba, Inna. Hannunsa ya lalace. Ya koma garinsu, ya yi gadin wata makaranta har ya rasu."

"Wataƙila maigidana bai kai nan ba."

Zainulabideen ya juyo mata littafin. Shafin ƙarshen ya fi kowane shafi duhun yatsa, gefensa ya yi laushi kamar tsohon tsumma.

Ta daɗe tana kallon shafin. Haushin ya tafi, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi nauyi. Mutumin nan ya san ƙarshen sarai, yana zaune da shi a cikinsa, amma kullum sai ya fito mata da Tijjani da kumfa a ka. Ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar Ya'ƙub. Yaron ya kau da kai ya bar ta. Da ta natsa, ta ba shi labarin jiran da suka yi.

"Inna," in ji shi can, "ki bar mini su. Ba a kan kantocin nan ba, a ɗakina. Wallahi zan karanta, ko don Turancina ya miƙe. Da wannan zan fara."

Ta riƙe ƙaramin littafin da hannu biyu. Shi kaɗai take so ta tafi da shi yanzu, zai ma shiga jakar hannu. Amma a wurinta zai zauna ne a rufe har ta mutu, ba harafi ɗaya da zai isa ga Ya'ƙub. Ta shafa ɗinkin bangon, ta ɗora shi a kan sauran.

"Yaya sunan marigayin, don addu'a?"

Ba ta saba kama sunansa ba, amma ta faɗa. "Ya'ƙub."

Ya rako ta bakin matakala da jakar da ba komai a ciki. Har ta fara sauka ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Shi fa Malam Ya'ƙub, an kira shi?"

"An kira shi," in ji Mariam. "Ana gobe sadakar arba'in. Ni na ɗaga wayar."