Fatar da Baba ya ɗinka wa kare

Tarin karen nan ya kai ni bango. Da ya motsa sai ya miƙe wuya ya yi ta tari, ya yi yunƙurin amai, kumfa kawai ke fitowa. Mai gidan da muke haya ya aiko cewa maƙwabta na tsoron tarin fuka: ko mu rabu da karen, ko mu nemi wani gida. Karen kuwa na marigayi Baba ne, Mama ta ce sai dai a fitar da su tare.

Ba abin da ban yi ba. Na ɗura masa zuma, na haska maƙogwaronsa da tocila ina neman ƙashi har ya kusa raba ni da yatsa. Yayana, gwanin magani ta waya, ya ce sanyi ne, a sa masa riga. Na kashe wayar.

Da na gaji na kai shi wurin likitan dabbobi, Mama na biye da mu. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce huhu lafiya lau, zuciya ma haka. Sai ya nemi tura yatsa ƙarƙashin fatar da ke ɗaure a wuyan karen, ya ƙi shiga. Nan take tarin ya tashi.

Baba mai gyaran takalma ne, kuma bai yarda da maɗaurin ƙarfe ba. Ɗinke fatar yake yi a wuyan karen, in ta matse ya farke ya ƙara mata tsawo. Tun da ya rasu ba wanda ya ƙara. Mama kuma ba ta rage awon girki ba, kullum kason Baba a kwanon kare yake ƙarewa, wuya ya yi ta kauri gashi na rufa masa asiri.

Likita ya ɗauko almakashi. Mama ta riƙe hannunsa.

"Ɗinkinsa na ƙarshe ke nan, likita."

"Mama, shaƙe shi take yi," na ce, raina a ɓace, hawaye na neman kunyata ni.

Ta saki hannun likita. Can ta karɓi reza, ta durƙusa ta riƙa farke zaren a hankali yadda Baba ke yi, har fatar ta zame. Karen ya ja dogon numfashi.

A hanyar gida tana riƙe da fatar, ba ta dube ni ba ta ce, "Daga yau ki riƙa auna girkin mutum biyu."