Makin da Baba Ya Bayar

Dokta Scholastica malamar nazarin halayyar ɗan Adam ce a jami'a, a Samaru, kuma a shekarar 2006 ta tsiri wani bincike mai tonon silili. Takan ba malami tulin insha'in yara ya duba, bayan wata biyu ta kawo masa wani tulin. Insha'i ɗaya yana cikin duka biyun, sai dai a na farko an rubuta cewa mai shi ɗan likita ne, a na biyu ɗan lebura.

Mahaifinta, Malam Othniel, tsohon hedimasta ne da ke zaune a unguwar Palladan. Shekara talatin da biyar yana riƙe da alli, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa duba gidan su yaro ba kafin ya ba shi maki. Bai san dabarar ba, amma ya kafe sai an sa shi cikin binciken.

Takardun ba sunan malamin da ya duba, lamba ce kawai. To amma wa zai ɓoye wa 'ya rubutun ubanta? Ɗan likita ya samu takwas cikin goma. Ɗan lebura biyar, har da "ka ƙara ƙoƙari" da jan biro. Tausayin mahaifinta ya kama ta, ta yi mako guda tana kauce wa Palladan.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci ya tsare ta, yana murmushin wanda ya san ya ci. Ta so ta ce sakamako bai fito ba, bakinta ya ƙi. Ta ajiye masa takardun biyu a cinya, ta ce kusan duk malaman haka suka yi, ba shi kaɗai ba ne.

Ya sa tabarau ya karanta har sau biyu. Bai yi musu ba.

Can ya ce akwai wani Shekari, ɗan leburan reluwe, da ya hana zama jarrabawar shiga sakandare a shekarar saba'in da takwas, don a ganinsa yaron bai kai ba. Yanzu gyaran keke yake yi a unguwar Muchia, kuma har yau in ya hango shi sai ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ka huta, abin ya daɗe."

Ya ninke takardun. "Ɗauko mota, 'yata. Ki kai ni Muchia."