Waken Iyatu

Wada yana gyara zanar rumfar da ya kafa a tsakar gida sai ya ji tsayuwar babur ɗin 'yarsa Iyatu a ƙofa. Sati uku ke nan makarantarsu ta tura ta garin Bobo. Ta bar masa tukwane arba'in na waken da take bincike a kai, ta ce ya ba su ruwa da safe kawai.

Ta shigo, ta yi cak, jaka a kafaɗa.

"Baba, wannan rumfar fa?"

"Cetonsu na yi. Kwana biyu da tafiyarki furanni suka fara zuba. Ranar nan ko jaki ba ya tsayawa a cikinta. Duba yadda suka yi kore shar!"

"Zubar nake jira, Baba."

Ta durƙusa tana taɓa ganyen. Ta ce iri arba'in ne daban-daban. A cikinsu akwai waɗanda suka gaji juriya a ƙwayar halittarsu, kamar yadda ita ta gaji dogon hancinsa. In rana ta ƙwalle, masu gadon sukan riƙe furensu, sauran su zubar. Da haka za ta gane irin da za a kai wa manoma.

"A inuwa kuwa kowa jarumi ne," in ji ta.

Wada ya cire hula ya share goshi. Shi atamfa ya sani, a kasuwa ya girma, kuma bai taɓa barin haja a rana ba.

"To, a mayar da su mana, Uwata. Yanzun nan."

"Sun gama fure. Zafin ma ya wuce sai baɗi."

"Ki yi wa farfesanku bayani. Ni zan je da kaina, in ce laifina ne."

"Sakamako yake so a Yuni. Bursina ma, tallafin karatun da ake ba ni, a Yuni za ta ƙare." Ta miƙe tana kaɗe gwiwa. "Akwai wurin zama a rumfarka ta kasuwa, ko?"

Wada ya hau kan turmi ya fara kwance igiyar rumfar.

"Bar shi, Baba."

Ya ci gaba. Ya sauke zana ta farko, ya sauke ta biyu. Iska mai sanyi ta taso daga gabas, tana ƙamshin ƙasa. Yana kan ta uku ɗigon farko ya faɗo masa a bayan hannu.