Rumman a Gindin Bangon Kudu

Shekara talatin da takwas ina aikin lambu a wannan gidan gona na Tulbagh, mai rufin ciyawa da farin bango, wanda ya haura shekara ɗari biyu a tsaye. Masu gida uku na gani sun wuce. Ta huɗu ita ce Madam Lategan, 'yar Johannesburg, wadda ta yi sati biyu a Ingila ta dawo da littafin lambu ɗaya da hular kaba, ta zama gwana.

Tsakar gida take so a gyara. Ta ja igiyoyi, ta kafa turaku, tana tafe tana auna ƙasa da takalmi mai tsini. Ni duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni bishiyar rumman ɗin da ke tsakiya, wadda matata Mieta ta dasa da hannunta shekarar da muka zo. Mieta ta rasu, rumman na nan yana 'ya'ya.

"Oom Jafta," in ji Madam, don Oom ake kiran dattijo a nan, kamar a ce Kawu, "nan tsakiya kwarmin ruwa za a gina. Amma kada ka damu, ba za mu sare rumman ba. Za mu mai da shi gindin bangon da ke kallon kudu. Littafi ya ce nan ne rana ta fi zama."

Na dube ta, na dubi bangon. A Ingila ne rana ke bi ta kudu. A nan ta arewa take bi, ko kajin gidan sun san haka, shi ya sa ba sa kwanciya a wajen. Bangon nan gansakuka ce kawai ke son sa. Mace ta yi wata shida a gida, ba ta taɓa ɗaga kai ta ga inda inuwa ke faɗuwa ba!

"Ka yi shiru, Oom. Akwai matsala ne?"

"Wace matsala, Madam? Ai ke kika yi karatu."

"Tsakani da Allah, in ka ga wani abu ka faɗa. Kai ka san wurin nan."

"Ni haƙa na sani. Inda kika nuna, nan zan haƙa."

Gaskiya so nake ta kunyata. Na riga na hango ƙawayenta sun zo shan shayi, furanninta sun yi yaushi a inuwa, ni kuma ina gefe da cebur ina kallon ƙasa. Na ce a raina rumman tsohon hannu ne, zai jure sanyi ɗaya, in ta gane wautarta sai in mai da shi rana.

A watan Yuni, farkon sanyinmu na nan, na tone shi, na dasa inda ta ce. Ruwan sanyi ya sauka sati uku babu tsayawa, gindin bangon ya zama taɓo. Satumba ta zo, kowace bishiya a kwarin nan namu ta yi toho, shi shiru. Na kankare ɓawonsa da farce, ciki ya bushe, na tona gindin, saiwar ta ruɓe tana wari.

Madam ta same ni durƙushe a wajen. Ta cire hular nan tata, ta tsuguna cikin taɓo da farin wandonta.

"Na ji an ce matarka ce ta dasa shi. Ka yafe mini, Oom. Laifina ne, ban san kome ba. Da ma akwai wanda ya gaya mini."

Na tashi na ɗauko gatari, na nufi rumman.