Kwanon da Yake Dawowa a Wanke

"Ke ce maƙwabciyar marigayin?"

Anti Halo ta zame abin kunnenta zuwa wuya, ta dubi mutum biyun da ke tsaye a bakin ƙofarta. Cikin fararen kaya fat tun daga kai har ƙafa, ɗaya da tankin feshi a baya. Daga cikin abin kunnen wani mutum yana ta faɗa, wai ya sayi data ta ƙare bai taɓa ta ba.

"Wane marigayi?"

"Dattijon wannan ɗakin. Mun zo feshi, ke ma za a gwada ki."

Ta yi 'yar dariya irin ta wanda aka tambaya hanyar da ba ta nan. "Kun yi ɓatan gida. Baba Direba ne a nan, lafiyarsa ƙalau. Ko jiya ya ci abinci."

Mutanen suka dubi juna. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar ma takunkumi ya rufe ta.

Sunan Anti Halo yaran gidan ne suka laƙaba mata. Tun da aka sa dokar kulle saboda annoba, kamfanin wayar da take wa aiki ya miƙa mata kwamfuta da abin kunne, aka ce ta riƙa amsa kiran jama'a daga ɗakinta. Daga safe har yamma ba ka jin komai ta ƙofarta sai "Halo, da me zan taimaka?" Shugabarta ta taɓa yi mata faɗa don an ji kukan zakara a cikin wani kira, sai ta rufe taga, ta rataya bargo a kai. Mijinta kuwa kullen ya rutsa da shi a wani gari. Haka kwanaki suka cakuɗe mata, ta kan farka ba ta san Talata ce ko Asabar ba, sai ta duba kwamfuta.

Abu ɗaya ne bai taɓa cakuɗe mata ba, wato kwanon Baba. Ƙofarsa tana kallon tata. Tsohon direban bas ne, kunnensa ya yi nauyi, wayarsa kullum a mace don ya ce caji ɓata wuta ne. Autarsa, wadda ke aure can nesa, ita ce ta kira Anti ranar da aka rufe hanyoyi, tana kuka. "Anti, amana na ba ki. Ba shi da kowa a nan sai ke." Tun daga ranar, kowace yamma sai ta zuba abinci a koren kwano, ta ajiye kusa da takalmansa, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta koma ciki saboda an hana kusantar tsofaffi. Da safe ta tarar da kwanon a ƙofarta, a wanke, a kife. Da magariba Auta ta kira: "Ya ci?" Ta ce, "Ya cinye tas."

Yanzu ma da gudu ta shiga ta ɗauko kwanon, ta ɗaga musu shi kamar mai kai shaida gaban alƙali.

"Ga shi! Da safen nan na ɗauke shi. Shinkafa da wake na zuba masa jiya. Kuma ga takalmansa nan, ina zai je ba takalmi?"

"Hajiya, a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi," in ji mai tankin, a hankali. "Tun makon jiya yana wurinmu. Shekaranjiya Allah ya yi masa cikawa. An nemi lambar wani nasa ba a samu ba, jiya aka binne shi."

"Makon jiya na yaushe?"

Suka buɗe ƙofar Baba da makullin da aka tarar a aljihunsa. Ta hango gadon a yamutse, rediyonsa a kan kujera, wayar nan a mace a gefen filo. Ta ce innalillahi, amma bakinta ne kawai ya faɗa, zuciyarta ba ta iso wurin ba tukuna. Aka zura mata tsinken gwaji a hanci, hawaye ya zubo, ita kanta ba ta san na tsinken ne ko na Baba ba. Mutumin data yana nan a wuyanta yana kiran "Halo? Halo?" Ta kashe kiran ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara aiki.

Ta zauna a bakin gado da kwanon a cinya, tana juya shi. Kanta ya ɗaure tam. Yaushe rabon da ta ji muryarsa? Ta tuna ranar da ya yi magana ta bayan ƙofa: "'Yata, miyar nan taki babu gishiri." Ta ji haushi kaɗan, don ita dai ta san hannunta. Washegari ta ƙara, ya sake cewa babu. Daga nan ta koma ɗibar nata a gefe, shi kuma ta zazzaga masa son ransa. Bai ƙara magana ba, ta ce to, an dace. Sai yanzu ta tuna abin da rediyo ke nanatawa, cewa mai cutar nan ba ya jin ɗanɗanon abinci. Wayyo Allah! Mutum yana gaya mata ciwonsa, ita tana ƙara gishiri.

To amma wa yake cinyewa? Kyanwa dai ba ta wanke kwano, balle ta kife shi.

Ta ɗaura takunkumi ta sauka. A tsakiyar matakala ta tsaya, don a ƙasa matar mai aski tana shanya kayan yara. Shagon mijin a rufe yake tun farkon kullen, wa zai miƙa kansa a yi masa aski a wannan zamani?

"Maman yara, kin san Baba ya rasu?"

Matar ta saki rigar da ke hannunta. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Allah sarki Baba. Ashe bai tashi ba."

"Kin san an kai shi asibiti ke nan?"

"Haba Anti, wa bai sani ba? Maigidana ne ya ji nishinsa ya kira motar. Jiniyar nan ko kurma ya ji ta, duk layin nan an leƙo ta taga."

"Ni ban ji ba."

"Ai ya hau don ya gaya miki, ya ji kina magana da mutane, ya ce kada ya katse miki aiki. Da yamma kuma muka ga kwano a wurinsa, sai muka ce ai kin sani."

"Kun ga kwano... kuka yi yaya da shi?"

Matar ta sunkuyar da kai, tana murɗa bakin zanenta. "To, ba namu ba ne?"

Anti ta dafa bango. Sai da ta ja maganar kamar mai zaro zare daga tsumma kafin ta fito duka. Ashe tun da Baba ya daina jin daɗin abinci yake kiran mai aski ya miƙa masa kwanon ta ƙofa. Da mai aski ya ƙi karɓa, sai Baba ya ce ai Anti ce take dafawa saboda yaran, ta ƙofarsa take biyo da shi don kada su ji kunya, kuma ta ce ko godiya kada a yi mata. Su kuwa suka riƙe amana, ba su taɓa ko ɗaga ido sun dube ta ba. Matar ce ke hawowa ta ɗauka, ta wanke, ta mayar da sassafe.

"Da ma ba ke kika ce ba?" in ji matar. "Wallahi Anti da mun sani..."

"A'a," in ji Anti. Ta rasa a'a ɗin me take cewa. "Ni ce. Ni na ce."

"Allah ya saka. Akwai ranar da shi ne kaɗai abin da ya shiga bakin yaran nan." Ta goge ido da bayan hannu, sai ga dariya ta kuɓuce mata cikin kukan. "Sai dai gishirin, Anti. Ruwa muke ƙarawa."

Da magariba wayar ta yi ƙara. Anti ta wuni tana shirya kalmomin, ita da aikinta ke nan, lallashin masu fushi a waya, amma da ta ɗauka duk suka watse.

"Anti, ina wuni? Ya ci?"

"Auta, akwai wani kusa da ke? Ki zauna tukuna."

Ta faɗa mata yadda ya zo bakinta, gaba a baya: binnewar kafin asibitin, kwanon kafin jiniyar.

"Ban gane ba. Jiya kika ce min ya cinye."

"Na ce."

"Shekaranjiya ma kin ce. Anti, yana can yana mutuwa shi kaɗai, ni ina nan ina barci da daɗi saboda kin ce ya ci? Ko muryata da an kara masa a kunne."

"Kwanon yana dawowa, Auta. Ni kwanon nake gani."

"Ba kwano na bar miki ba."

"Auta... Halo? Halo?"

Layin ya yanke. Ta sake kira, ba a ɗauka ba. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun da aka kulle ta a ɗakin nan. Da ta gaji ta tashi ta yaye bargon daga taga, ta buɗe. Hayaniyar layi ta shigo, wani yana kiran ɗansa, wata tana kankare tukunya.

Miyar tana kan wuta tun la'asar. Ta ɗebi gishiri cike da hannu kamar kullum, ta tsaya, ta mayar da shi cikin gwangwani. Ta zuba abincin a koren kwanon ta fita da shi. Takalman Baba suna nan, ruwan feshi bai gama bushewa a kansu ba. Ta ajiye kwanon a gefensu, ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta koma ciki ta bar ƙofarta a buɗe kaɗan. Ba a jima ba ta ji ƙarar silifa tana hawowa matakala a hankali.