Gwangwanin Biskit na Tsoho Thirkell

Norman Thirkell ya jingina da shingen makiyayarsa yana kallon wata mai binciken tarihi tana kankare ƙasa da ɗan cokalin magina, a hankali kamar mai tsoron kada ƙasar ta ji ciwo. Kwana huɗu ke nan. Rami uku ta haƙa, ba ta samu komai ba sai ƙashin tunkiya da tsatsattsiyar ƙusa.

Ba shi ya gayyato ta ba. 'Yarsa Hazel da mijinta ne suke son gina ɗan gida a gefen makiyayar, kusa da itacen tuffa, har sun kafa turaku sun ja igiya. Sai hukumar gunduma ta ce ko bulo ɗaya ba za a aza ba sai masu binciken tarihi sun duba, wai tuddan da tumakinsa ke kwana a kai kufan gidaje ne na shekara ɗari bakwai. Gida arba'in aka ce ƙauyen Aldersby yana da su a da. Yau biyar suka rage, mutum tara a ciki, kuma in ka cire Hazel da mijinta, kowa ya ba sittin baya. Ga ta da ciki wata shida. Wani mai gidan haya a birni ya ba su wa'adi zuwa ƙarfe biyar na yau Juma'a: ko su karɓa, ko ya ba wasu. In suka tafi, Norman ya san ba dawowa.

Wajen ƙarfe huɗu Hazel ta fito da shayi, kamar kullum. Dakta Imogen Pell ta hauro daga ramin tana goge hannu a wandonta.

"Albishirinku," ta ce. "Nan wajen dai babu komai. Litinin zan rubuta musu ku yi gininku."

Hazel ta dafe ciki ta saki ajiyar zuciya. "Kai, Dakta, kin cire mini ƙaya!"

Da maganar ta tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma masu ilimi ba su iya shan shayi bakinsu a rufe ba.

"Gaskiya na zaci zan samu abin kirki," ta ce tana hura kofin. "Ashe ƙauyen ba wani ƙauye ba ne. 'Yan bukkoki ne na matalauta da garken aladu. Ko coci ba na jin sun taɓa yi."

Norman ya ajiye kofinsa a kan shinge. Kunnuwansa suka yi ja.

"Garken me?"

"Baba," Hazel ta ce, "sha shayinka."

"A'a, bari in ji. Kakannina goma sha ɗaya ƙasar nan suka noma. Ke kin zo da cokali kwana huɗu, kin gama da mu, wai masu aladu?"

"Ba raini ba ne, Mista Thirkell. Abin da ƙasa ta nuna nake faɗa."

"To ƙasar ƙarya ta yi miki!"

"Baba, don Allah!"

Ina, ya riga ya nufi rumfar kayan aiki. Mahaifinsa, kamar yawancin manoman wajen, ba ya wuce ramin zomo bai duƙa ya duba abin da suka tono ba, kuma duk abin da ya tsinta a gwangwanin biskit yake zubawa. Norman ya dawo da gwangwanin, ya dire shi a kan farantin shayi har cokula suka yi tsalle.

"Buɗe ki ga aikin masu aladu."

Ta buɗe. Ta ture tsingaro gefe, ta ɗago wani gutsuren gilashi ta nuna wa rana. Shuɗi ne, da zanen yatsu biyu a jiki. Ta ɗauko wani ja. Sai ga ɓallen daɓen ƙasa mai hoton fure. Ta jera su a tafin hannunta.

"Gilashin tagar coci ne wannan," ta ce a hankali. "A ina aka samo su?"

Nan ne fa hankalin Norman ya dawo jikinsa. Ya dubi Hazel, ya ga yadda take kallonsa.

"Oh, can... can nesa. Bayan rafi, ina ji. Gonar wasu."

Amma marigayi mahaifin nasa mutum ne mai tsari, har kwalabar maganin tumaki sai ya liƙa mata takarda. Dakta Pell ta juya murfin, ta karanta da ƙarfi: "Ramin zomaye, gindin tuffa, taku shida wajen gabas."

Su uku suka juya. Taku shida gabas da tuffar, igiyar Hazel ce ke kaɗawa, daidai inda ta ce za a yi ɗakin jariri.

"Inda coci yake, akwai kaburbura," Dakta Pell ta ce, murya ƙasa-ƙasa, amma murna ta ƙi ɓoyuwa a fuskarta. "Dole in sanar da hukuma. Ku yi haƙuri, gini a nan kam... zai yi wuya."

Hazel ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ta dubi agogo, biyar saura kwata. Ta ciro waya daga aljihun rigar sanyinta ta nufi bakin hanya, inda ake samun sabis.

Dakta Pell ta durƙusa tana jera gilasan a kan ciyawa.

"Ka san abin da ya fi damun mu a aikin nan?" ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Har yau ba mu gane takamaiman abin da ke sa mutane su watse daga ƙauye irin wannan ba."

Norman yana kallon bayan 'yarsa. Daga nan yana jiyo ta tana cewa eh, za su karɓa, ranar ɗaya ga wata.

"Ni kam na gane," ya ce.

Ya ɗauki kofinsa. Shayin ya huce.